JOSM ya ƙi tashi bisa rabin ordinater ɗinmu a Tawa, ku taimaka muna

ɗan_Bilbis:

Assalamu alaikum jama'ar taswira, ina wuninku, ina gajiyar aiki. Daga Tawa ni ke rubutu. Muna da wata ƴar ƙungiya ta matasa, wasu ɗaliban jami'a ne wasu sun gama suna jiran aiki, munka yanke shawara kahin damana ta kama mu saka unguwanninmu cikin OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da kowa ke iya gyarawa, yadda ya kamata, musamman gefen tabkin Babaye da wuraren da ruwa ke kwanciya kowace shekara, da magudanai da rijiyoyi da famfuna da lekol da gidajen likita, don in ruwa ya zo a san ina ne matsala ta ke tun da wuri ba sai gida ya faɗi ba.

Da kayan zanen taswira mai suna iD munka fara, wanda ke buɗewa cikin nabigater, yana da sauƙi gaskiya amma da rezo ya yi rauni sai komi ya tsaya, kuma forfe yana tahiya kamar mi. Sai anka ce muna mu koma JOSM, wani kayan zanen OpenStreetMap ɗin, tunda shi bisa ordinater ya ke zaune, kana sauke yanki ka yi aiki a natse sannan ka tura. To nan ne wahala ta faro, don kowa da irin injin da Allah ya hore mishi.

Masu Windows 10, ɗaya ya sauke fishiye josm-tested.jar, in ya latsa sau biyu sai WinRAR ya buɗe ya nuna mishi tarin dosiye, babu wani JOSM. Na biyu ya saka Java tukuna amma sai wata ƴar taga ta hito da saƙon kuskure ta ruhe. Akwai wata tsohuwar ordinater mai Windows 7, 32-bit, RAM jiga 2, ita ko fishiyen sakawa na Windows ɗin ta ƙi karɓa sam, kuma mai ita shi ya hi kowa son aikin ga, ba ni so mu bar shi baya. Ni da wani abokina Linux gare mu, ni Ubuntu 22.04 shi Mint, munka yi apt install josm, umarnin saka shi daga ma'ajiyar Linux, ya shiga lahiya lau, yana buɗewa, yana sauke yanki, amma in munka zo tura aiki sai ya ƙi shiga kont ɗinmu alhali modepas daidai ne, da shi mu ke shiga shafin. Sai wata ƴar uwa da wanta ya kawo mata MacBook daga Abidjan, ita ba mu ma taɓa ba don babu wanda ya san kanta.

Abin da ni ke so in sani, akwai hanyar da za a sauke komi sau guda a zuba bisa kile USB a bi kowace ordinater da shi? Don in kowa sai ya sauke nashi kuɗin forfe kaɗai za su kashe muna gwiwa. Allah shi saka da alheri.

ƴar_Harobanda:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannunku da ƙoƙari, wallahi na ji daɗin ganin wannan daga Tawa. Bari in ɗauki na Windows tunda shi na fi yi wa mutane a nan Yamai.

Abin da ya kamata ku gane tun farko, JOSM da Java aka rubuta shi, shi fishiyen jar ɗin amalanke ce kawai, Java ne jakin, in babu jaki ba inda za ta je. Kuma jar a cikinsa zip ne, shi ya sa WinRAR ke kama shi yana buɗewa, ba lalacewa ya yi ba. Wanda ya saka Java kuma ya ga kuskure, kusan na tabbata daga java.com ya sauke, can Java 8 suke bayarwa, JOSM kuwa tun 2024 ya daina tafiya da 8, sai 11 zuwa sama. In yana so ya tabbatar ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta java -version, in ya ga 1.8 to shi ne. In ya tada jar ɗin daga cmd zai ga dogon saƙo mai UnsupportedClassVersionError da lamba 55 da 52, 55 na nufin Java 11, 52 na nufin Java 8.

Amma ga masu Windows 10 mai 64-bit ni ban ga dalilin wannan wahala ba ma. Ku je josm.openstreetmap.de ku ɗauki fishiyen sakawa na Windows, yana zuwa da Java nasa a ciki, ka latsa ya shiga shi ke nan, ba ruwanka da wace Java ce ke kan injin. Ya fi jar nauyi nesa ba kusa ba, jar ɗin bai kai mega 20 ba, amma sau ɗaya za ku sauke ku raba. Ku ɗauki tested, kada ku ɗauki latest, latest na masu gwaji ne kusan kullum yana canzawa.

Tsohuwar mai Windows 7 ta ƙi karɓa ne saboda fishiyen sakawar na 64-bit ne. Ba ta mutu ba. Ku nemi Java mai suna Eclipse Temurin a adoptium.net, ku zaɓi Windows, x86 wato 32-bit, JRE, bersiyo 17 ko 11, ku ɗauki na zip ba na sakawa ba. Ku warware shi cikin dosiye ɗaya da jar ɗin, ku sa wa dosiyen Java ɗin suna jre, sannan ku buɗe Bloc-notes ku rubuta wannan layin ku ajiye da suna josm.bat

jre\bin\java.exe -Xmx1024m -jar josm-tested.jar

Wannan -Xmx ɗin kada ku manta da shi. In ba ka faɗa wa Java ba, mai 32-bit a Windows wajen mega 256 na RAM kawai take ɗauka, da ka buɗe hoton tauraron ɗan Adam ka sauke unguwa mai gidaje da yawa sai ya fara kukan memuwar ta cika. Kuma kada ku ce bari mu ba shi jiga 2 duka, Java mai 32-bit a Windows ba ta wuce wajen jiga ɗaya da rabi, in kun wuce ƙin tashi za ta yi gaba ɗaya. 1024 ya ishe shi in yana sauke ƙananan yankuna ya rufe sauran abubuwa.

Wani abu da ke cin mutane a tsofaffin injuna shi ne agogo. Ƙaramin batirin da ke cikin injin in ya mutu, kowace kunnawa kwanan wata sai ya koma shekarun baya, to duk wata hanya mai https za ta ƙi, JOSM ya ce ba zai iya haɗuwa da sarber ba, mutum ya yi ta zagin rezo alhali agogo ne. Ku duba kwanan wata kafin komi. Sannan Windows 7 tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyaran tsaro, Chrome ma a 109 ya tsaya mata, gara ya saka Firefox ESR 115 don zai buƙaci nabigater lokacin shiga kont. Windows 10 ɗin ma an rufe nata a 14 ga Oktoban 2025, JOSM zai ci gaba da tafiya a kanta amma ku riƙa hankali da kile ɗin da ke yawo hannu hannu.

tsohon_Linux:

Salamu alaikum. Ƴata ta Harobanda ta gama da Windows, babu abin da zan ƙara sai Allah ya yi albarka. Ni zan yi maganar Ubuntu da Mint, kuma yarona ka kwantar da hankalinka, modepas ɗinka lafiyarsa lau.

Ga abin da ya faru. Da can JOSM na iya shiga kont da suna da modepas kai tsaye, ko da tsohon tsarin izini da ake kira OAuth 1.0a. A tsakiyar 2024 masu kula da sarber ɗin OpenStreetMap suka rufe waɗannan hanyoyi biyu, saura OAuth 2.0 kaɗai. JOSM ya koyi wannan sabon tsarin a 2023. Shi kuwa wanda apt ya kawo maka daga ma'ajiyar Ubuntu 22.04, na farkon 2022 ne, haka tsarin Ubuntu yake, abin da ya shiga lokacin fitowar bersiyo shi ke zama har ƙarshe. Mint 21 a kan 22.04 ɗin aka gina shi, don haka ciwonku ɗaya kai da abokinka. Saukewa ba ta neman izini shi ya sa take yi, turawa ce ke nema. Ko ka rubuta modepas sau nawa ba zai wuce ba.

Magani mafi arha a halin da kuke ciki: tunda apt ya riga ya jawo muku Java tare da tsohon JOSM ɗin, ku ɗauki wannan jar ɗin da masu Windows suka sauke, shi ɗin dai, ku buɗe tarminal a inda yake ku rubuta

java -Xmx2g -jar josm-tested.jar

in RAM ɗinku ta kai jiga 4 ke nan. Fishiye ɗaya ne ke tafiya a Windows da Linux da Mac, amfanin Java ke nan. Ku duba java -version, a 22.04 galibi 11 za ku gani, ni dai ina ba da shawara ku yi sudo apt install openjdk-17-jre don kada nan gaba a sake barin ku a baya. Ku lura da kyau, jre zalla, ba mai headless a ƙarshe ba. Mai headless na sarber ne, ba ya zana taga, in shi kaɗai ke akwai za ku ga HeadlessException ku rasa gane kan abin.

In kuna son ya riƙa sabuntuwa da kansa, masu JOSM suna da tasu ma'ajiyar apt, layukan da za ku kwafa suna shafinsu na saukewa. Mai Mint ya kula, sunan bersiyon Ubuntu ake so a layin wato jammy, ba sunan da Mint ta ba kanta ba. Akwai kuma wasu hanyoyin sakawa, Flatpak da Snap, suna aiki, amma karon farko Flatpak na jawo kayan tallafi masu ɗaruruwan mega, ga wanda ke lissafin forfe ban ba shi shawara ba.

Yanzu maganar kile, wadda ita ce ainihin tambayarka. E ana yi, kuma ni a ganina ita ce hanyar da ta dace da ku. Ku gyara kile ɗin da exFAT ko FAT32, kada NTFS, don Mac na karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. Ku zuba jar, da fishiyen sakawa na Windows, da Java mai 32-bit ta tsohuwar can, da na Mac. Sannan ƙarin kayan aiki, waɗanda in JOSM ɗinka na Faransanci ne za ka ga an rubuta Greffons in ka latsa F12. Mutum ɗaya ya sauke buildings_tools da utilsplugin2 a injinsa, su ma ƙananan jar ne, a Windows suna zama cikin %APPDATA%\JOSM\plugins, a Linux cikin ~/.local/share/JOSM/plugins, ku kwafe su zuwa wurin da ya dace a kowane inji sannan kowa ya shiga F12 ya yi musu alama ya sake tada JOSM.

Akwai kuma dabarar sa JOSM ya ajiye duk saitinsa a kan kile ɗin, ka ƙara -Djosm.home=josm_data a layin kafin -jar, sai ya zama duk inda ka soka kile ɗin ka tarar da kayanka yadda ka bar su, yana da amfani ga wanda ba shi da inji sai aro ko sibar. Amma a nan zan ja kunnenku sosai. Izinin shiga kont yana ajiye ne cikin preferences.xml. In ka shiga kont ɗinka sannan ka kwafe dosiyen ka raba wa mutum bakwai, duk abin da suka tura da sunanka zai fita, wanda ya goge hanya bisa kuskure kai za a rubuto wa, kuma ba za ku taɓa sanin wane ne ke buƙatar a ƙara koya masa ba. Ku shirya dosiyen tsaf kafin kowa ya shiga, sannan kowa ya buɗe kont nasa, ya shiga da kansa, JOSM zai buɗe nabigater ya amince shi ke nan.

Ita kuwa tsohuwar can, ku duba ko furosesarta 64-bit ce, da yawa daga injunan zamanin Windows 7 haka suke, Windows ɗin ce kawai aka saka mai 32. In haka ne ni da zan zuba mata Linux marar nauyi irin Lubuntu ko Mint mai Xfce. Amma sai da yardar mai ita, kuma a kwashe masa takardunsa tukuna.

Mai_Keita:

Ni dai in tambaya, mi ya sa duk wannan wahala? Kowa na da Android, ku saka Vespucci mai gyara OpenStreetMap bisa waya ku yi aikinku. Ko QGIS na haɗa taswira bisa ordinater, mu da shi anka koya muna a jami'a kuma ya hi JOSM ƙarhi nesa, har taswira mai launi kana hiddawa ka buga ka kai meri.

ƴar_Harobanda:

Malam na Keita, maganarka akwai gaskiya a rabi. Waya dole ce a wannan aikin, amma a fili. In ka tsaya gaban famfo kana so ka ce yana aiki ko ya lalace, ko ka rubuta sunan lekol, Vespucci ko Every Door ko StreetComplete sun fi komi. Amma zana gidaje ɗari biyar da yatsa a kan ekran ɗin waya, ga rana ga ƙura, layukan za su fito a karkace kuma mutum zai gaji ya bari. A JOSM da buildings_tools ka latsa B, latsa uku gida ya fito da kusurwoyinsa daidai, wanda ka zana da hannu ka latsa Q ya miƙe, ɗakin da ke zagaye kuma ka ja layi ta tsakiyarsa ka yi Shift da O.

QGIS kuwa aikinsa daban. Da shi za su ɗauko bayanan bayan an gama, su haɗa da tudu da kwari, su fitar da taswirar da za a kai meri kamar yadda ka ce, ni ma da shi nake wannan. Amma ba a yi shi don tura gyara cikin OpenStreetMap ba, ba ya duba maka ko wani ya taɓa hanyar da ka taɓa. Kuma fishiyen sakawarsa na Windows yana da nauyi ƙwarai, mutanen da ke ƙirga mega ne fa. Inji ɗaya mai ƙarfi ya ishe su QGIS, sauran JOSM.

Bako_na_Yantala:

Sannunku. Ni Mac nake aiki da ita, bari in sauƙaƙa wa ƴar uwar. A shafin JOSM akwai na macOS, shi ma da Java a cikinsa, ta warware zip ta ja JOSM ta jefa cikin Applications. In Mac ta tambaye ta ko ta yarda ta buɗe abin da aka sauko daga intanet ta ce e. Duk inda littafin koyo ya ce Ctrl, galibi ita Cmd za ta latsa. Abin da zai ba ta haushi ba sakawa ba ne, rashin suri ne. A JOSM da maɓallin dama ake jan taswira, da ƴar tayar tsakiya ake matsowa da nisantawa, a kan faifan yatsa na Mac sai ka danna da yatsu biyu kana ja, minti goma hannu ya gaji. Ta sayi suri mai waya ta kasuwa, in MacBook ɗin sabuwa ce mai ƙananan ramuka na USB-C sai ta haɗa da adafta. Wannan ma ba ita kaɗai ba, kowa a cikinku ya nemi suri, shi ne kuɗin da ba za ku yi nadamar kashewa ba.

Tunda matsalarku rezo da kuran, ga yadda nake yi in na fita bayan gari. Lokacin da rezo ke da kyau, galibi da sassafe ko dare, ka sauke yankinka, ka yi Ctrl da S ka ajiye shi fishiye .osm. Sarber ba ya ba da yanki mai ɗigo sama da 50,000 a saukewa ɗaya, amma ku kada ku je kusa da haka ma, ɗan yanki na lunguna kaɗan ya isa. Ka kunna hoton tauraron ɗan Adam, na Bing ko na Esri, ka bi yankin a hankali da kusancin da za ka yi zane, JOSM na ajiye gutattsarin hoton da ya riga ya gani, don haka in rezo ya tafi abin da ka bi yana nan. In kuran ya ɗauke batiri kuma ya mutu, yana ajiye aiki da kansa duk minti 5, in ka sake kunnawa zai dawo maka da shi, amma ni ban dogara da wannan ba, hannuna kullum na kan Ctrl da S.

Haɗarin aiki ba rezo shi ne ka riƙe fishiye sati guda. In a tsakanin nan wani ya gyara hanyar da kai ma ka gyara, lokacin turawa sai rikici ya fito, JOSM ya ce ka zaɓi naka ko nasa, sabon hannu yakan tsorata ya danna na kansa bisa komi ya shafe aikin ɗan uwansa. Ku raba unguwanni tun a zaune, wane daga kwalta zuwa masallaci, wane daga masallaci zuwa bakin tabki, kuma kowa ya tura aikinsa a ranar in da hali, kafin turawa ya sabunta bayanan. In taga mai gargaɗi ta fito ku karanta, ita ce ke nuna gida ya hau kan gida ko hanya ba ta haɗu da ƴar uwarta ba.

Sai hoto. Wani lokaci hoton Bing da na Esri ba sa zama wuri ɗaya, tazarar ƴan mitoci, kuma shekarunsu ba ɗaya ba. Ku zaɓi guda ku duka, ku daidaita shi da sawun GPS ko da abin da aka riga aka zana. A garuruwanmu ginin laka launinsa ɗaya da ƙasa, inuwa ce ke nuna maka ɗaki, kuma katangar gida ba ɗaki ba ce, na sha ganin an zagaye gida duka da tsakar gidansa an ce building=yes. Tabki da ƙoramu kuma hoton rani ba zai nuna iyakar ruwan Agusta ba, nan ne sanin ku ƴan gari ya fi na duk wanda ke zana daga Turai, ku tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke kaiwa, ku sa intermittent=yes ga abin da ke ƙafewa. Mu nan Yamai ambaliyar 2020 da ta karya madatsar Lamorde ta nuna mana amfanin sanin wace hanya ce ke nutsewa. Kuma don Allah kada kowa ya kwafo daga Google Maps, ko suna ɗaya, lasisin bai yarda ba, in an gano goge aikin ake yi.

ɗan_Bilbis:

Jama'a Allah shi biya ku, shi jiƙan mahaifa. Ga inda munka kwana. Masu Windows 10 duka sun tashi da fishiyen sakawa. Ni da mai Mint jar ɗin ya yi, na shiga kont ta Firefox, na tura rijiyoyi na gwaji sun hito bisa taswira. Tsohuwa kuma Yaya ta Harobanda kamar kina wurin, agogonta shekarun baya ya ke nunawa, munka gyara munka saka Java 17 ta zip, ta tashi, tana jan ƙafa in hoto na buɗewa amma tana aiki, mai ita ya ce a bar mishi Windows ɗinshi tukuna sai bayan jarabawa. Mac ɗin sai gobe in an samo adafta.

Baba tsohon_Linux maganar preferences.xml ta zo kan lokaci, mun bar dosiyen babu kont kowa ya shiga da nashi.

Saura abu guda. Munka gwada wani aiki bisa Tasking Manager na HOT, shafin da ke raba aikin taswira na agaji yanki yanki, don yara su saba hannu, in munka zaɓi JOSM sai shafin ya ce bai ga JOSM ba alhali yana buɗe gabanmu. Kuma da za mu hita unguwa da waya muna ɗaukar GPS, akwai wata takarda da ya kamata mu nema?

tsohon_Linux:

Madalla yarona, haka ake so. Na Tasking Manager ɗin ƙaramin abu ne. Shafin yana magana da JOSM ta wata ƙofa a cikin injin naka, lamba 8111, kuma a rufe take zuwa. Latsa F12, nemi shafin sarrafawa daga nesa, mai hoton ƴar telekomand, ka yi alama a akwatin farko, ka amince, in ya nemi a sake tada shi ka sake. Don ka tabbatar, rubuta 127.0.0.1:8111/version a nabigater, in ka ga ɗan rubutu ya fito to ƙofa ta buɗe. In Windows ta fito da tambayar bangon tsaro ku amince wa Java. In har yanzu ya ƙi, duba ko JOSM biyu ne a buɗe, na farko ne ke riƙe ƙofar, ku masu Linux musamman tunda tsohon na apt yana nan, gara ku cire shi da sudo apt remove josm don kada wani ya latsa shi daga menu. Kada ku bi shi da autoremove ba ku karanta ba, zai iya tafiya da Java ɗin da jar ke buƙata, in kun riga kun saka openjdk-17-jre da hannunku to babu damuwa. A Mac kuma in Safari ya ƙi, ta gwada da Firefox.

Maganar fita unguwa, kada ku fita haka kawai, da yanayin da ƙasa ke ciki mutum ya ga samari suna tsayawa ƙofar gidaje suna latsa waya dole ya yi tambaya. Ku rubuta wa meri takarda ku faɗi ko ku su wane ne da abin da kuke yi, waɗanda ke jami'a su nemi malaminsu ya sa hannu, ku riƙe kofin takardar a aljihu. Kafin ku shiga kowace unguwa ku fara gaida mai unguwa, ku nuna masa taswirar a waya, in ya haɗa ku da yaro ɗaya ya fi muku. Bariki da wurin jami'an tsaro ku bar su, ba hoto ba GPS. Sunan mai gida ko lambar wayarsa ba ya shiga taswira. Kuma ku tuntuɓi ƴan OpenStreetMap Nijar ku sanar da su unguwannin da kuka ɗauka, ku sa alama ɗaya a bayanin kowace turawa, misali #TawaDamana, don wanda zai duba muku aiki ya same shi wuri ɗaya. In kun tura na farko ku sa mahaɗin a nan in duba muku gidajen.